Tuna Baya: Yaushe Yake Zama Magani, Yaushe Yake Zama Cuta?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci zuciya ya ba ta ikon riƙewa, ya kuma yi mata rahama da mantuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa, akwai wata magana da muke yawan faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ko wanda ambaliya ta rushe masa ɗaki, ko wanda jarinsa ya karye: "Ka manta kawai, abin da ya wuce ya wuce." Da kyakkyawar niyya ake faɗarta. Amma sau da yawa mai jin ta yakan koma gida da kaya biyu, ga baƙin cikin da ya zo da shi, ga kuma zargin kansa cewa tunda ya kasa mantawa, to imaninsa ne ya yi rauni. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cutar da mutanen da muke tsayawa sahu ɗaya da su. Addini bai ɗora mana goge abin da ya wuce ba, ba ma iyawa. Abin da ya koya mana shi ne yadda ake tunawa, domin abu guda da ya faru da mutum yana iya ɗaga shi idan ya tuna shi ta wata fuska, ya kuma kwantar da shi ciwo idan ya tuna shi ta wata.

Ɗalibai su lura da kalmar zikiri. Malam Ragib al-Asfahani, a littafinsa na kalmomin Alƙur'ani, ya bayyana cewa zikiri iri biyu ne, na zuciya da na harshe. Wato a Larabci tunawa da ambato tushensu ɗaya. Abin da kake yawan ambata shi zuciyarka za ta riƙe, abin da zuciyarka ta riƙe shi zai riƙa zuwa bakinka. Har ma malaman nahawu na Kufa sun ce kalmar insan daga mantuwa aka ciro ta, na Basra suka ce a'a, daga sabo da ɗebe kewa ne. Ni dai na fi karkata ga na Basra, amma wannan hira ce ta aji.

Mu fara da Annabi Yaƙub (A.S.). A cikin Suratu Yusuf, lokacin da aka dawo masa da labarin an tsare ƙanen Yusuf a Masar, wa ya ambata? Ba wanda aka tsare jiya ba. Yusuf ya ambata, wanda ya ɓace tun shekaru masu yawa. Sabon rauni ya tayar da tsohon. Ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ƴaƴansa suka ce masa tunanin Yusuf zai kashe shi. Bai ce musu ya daina ba. Ya sanar da su cewa kukansa wurin Allah yake kai shi, sannan nan take ya tura su neman Yusuf da ɗan'uwansa, ya hana su yanke ƙauna. Annabi ne ɗan Annabi, kuma babu inda Allah ya zarge shi a kan wannan tunawa.

Abin da ya faru da shi, na sabon ciwo ya jawo tsoho, masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi a zamaninmu. A shekarar 1981 wani malamin Jami'ar Stanford a Amurka, Gordon Bower, ya wallafa binciken da aka sa mutane su riƙa rubuta abubuwan daɗi da na ɓacin rai da ke faruwa da su kullum. Daga baya aka sa wasu cikin yanayin farin ciki, wasu cikin na baƙin ciki, aka ce su tuno abin da suka rubuta. Kowa ya fi tuno abin da ya dace da halin da yake ciki a lokacin. Ka ga ke nan zuciya ba alƙali mai adalci ba ce idan ta zo ba ka tarihin rayuwarka. Ranar da maigida ya ɓata wa uwargida rai, duk laifin da ya yi mata tun amarci zai jeru a gabanta, shekarar da ya yi jinyarta kuwa kamar ba a yi ba. Shi ma haka. Ba ƙarya ɗayansu yake yi ba, rabin littafin ne kawai ya buɗu masa. Shi ya sa yanke hukunci a kan aure ko zumunci a daren fushi ganganci ne.

Masanan sun kuma nuna cewa tunawa ba kamar kunna kaset ba ce. Duk sanda ka tuno abu, ƙwaƙwalwa sake haɗa shi take yi, kuma halin da kake ciki yana shiga cikin haɗin. Ya fi kama da allon da ake wankewa a sake rubutawa: karatun shi ne, amma hannun yau ne ya rubuta. Wanda ya saba ba da labarin wata wahala da ɗaci, ɗacin ƙaruwa yake yi. Wanda ya saba ba da shi tare da yadda Allah ya fitar da shi, a hankali labarin kansa yakan sauya ɗanɗano.

To, ga inda nake so mu daɗe: Suratud Duha. Bukhari ya ruwaito daga Jundub cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi rashin lafiya bai tashi tsayuwar dare ba kwana biyu ko uku, sai wata mata ta yi masa gori cewa wanda ke zo masa ya rabu da shi. Aka saukar da surar. Duba yadda Allah ya yi maganin wannan ƙunci. Bayan ya tabbatar masa ba a bar shi ba, sai ya mayar da shi cikin tarihin rayuwarsa shi kansa, ya tsamo masa abubuwa uku: maraicinsa da yadda aka ba shi matsuguni, nemansa da yadda aka nuna masa hanya, rashinsa da yadda aka wadata shi. Waɗannan abubuwa ne da ya sani da ranakunsu da fuskokinsu. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ya tafi yana ɗan 8, Abu Ɗalib ya ɗauke shi. Surar ba ta ɓoye maraicin ba, ta ambace shi da sunansa. Amma ba ta bar shi shi kaɗai ba, kowace wahala an haɗa ta da mafitarta. Sannan ba a tsaya a tunawa ba, aka juya ta aiki: kula da maraya, kada a kori mai tambaya, a ba da labarin ni'ima. Wanda ya san zafin maraici shi aka fara ba amanar maraya.

Wannan tsamo abu takamaimai yana da muhimmanci fiye da yadda muke zato. A 1986 wasu masu bincike biyu a Ingila, Mark Williams da Keith Broadbent, sun yi aiki da mutanen da damuwa ta kai su ga yunƙurin kashe kansu. Sukan ba mutum kalma ɗaya, kamar farin ciki, su ce ya tuno rana guda da ya ji haka. Sai aka ga suna shan wahalar kawo rana guda, sai dai magana a dunƙule, irin "da can nakan ji daɗi". Binciken da ya biyo baya ya nuna wannan tunani a dunƙule yana tafiya tare da ciwon damuwa, kuma mai shi ya fi jinkirin fita. Dalilin a fili yake. Idan na ce "rayuwata duk wahala ce", babu ƙofar fita a wannan jimla. Idan na ce "shekarar da gero ya ƙare mana tun kafin shuka, maƙwabcina ya aiko mana da tiya biyar ba mu roƙa ba", to akwai mutum a ciki, akwai hanya, akwai abin da zan iya sake nema ko ni ma in yi wa wani.

Saboda haka nake ce wa ɗalibai, alhamdu lillahin da muke yi a gaisuwa tana da lada, amma godiyar da ke taɓa zuciya ita ce wadda ka sa mata suna. Bayan sallar asuba, kafin ka ɗauki salula, tuno abu ɗaya tak: wace rana ce, wa ke wurin, me ka ji tsoro, ta ina sauƙi ya zo. Dattawanmu da suka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da matsin 2005, suna da rumbu cike da irin wannan. Idan tsoho ya ce "mun ga wadda ta fi wannan", ba raina wahalarka yake yi ba, hujja yake ba kansa da kai cewa ana fita.

Yanzu ga misali biyu a kan mutane ɗaya, wato Ansar. Masu sira irin su Ibn Ishaƙ sun kawo cewa wani dattijo mai suna Shas bin Ƙais ya ga Aus da Khazraj zaune suna hira cikin ƙauna, abin ya ɓata masa rai. Sai ya tura wani saurayi ya zauna cikinsu ya tuna musu yaƙin Bu'as da suka gwabza kafin hijira, da waƙoƙin da aka yi a kai. Kafin ka ce me, an fara kiran makamai, sai da Annabi (S.A.W.) ya fito ya kwantar da su. Shekaru bayan haka, a shekara ta 8 bayan hijira, aka raba ganimar Hunain, sababbin shiga Musulunci suka samu da yawa, Ansar ba su samu ba, zukata suka sosu. Annabi (S.A.W.) ya tara su. Bai ƙara musu ko raƙumi ɗaya ba. Ya tuna musu yadda ya same su a rarrabe Allah ya haɗa su, sannan ya tuna musu alherinsu su ma, yadda suka gaskata shi lokacin da aka ƙaryata shi, suka ba shi masauki lokacin da aka kore shi. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe, suka tashi sun yarda. Shas da tarihinsu na gaskiya ya kunna wutar, Annabi (S.A.W.) ma da tarihinsu na gaskiya ya kashe ta. Duk wanda ya taɓa zaman sulhun gado, ko na kishiyoyi, ko na manomi da makiyayi, ya san akwai mai zuwa da aikin Shas, wanda ba ya ƙarya amma ya san wace tsohuwar magana zai tono. A fada wurin shan shayi ma akwai shi, a rukunonin WhatsApp na dangi kuwa ba a magana.

Akwai kuma tunanin da ba kowa ya tayar maka ba, kai ke juya shi da kanka cikin dare. Turawa daga tuƙar dabbobi suka samo masa suna, Larabawan yau ma ijtirar suke cewa, ma'ana ɗaya. Sai dai akuya tana tuƙa ta haɗiye ta yi ƙiba, mai wannan tunani kuwa abin da ba ya haɗiyuwa yake ta taunawa: me ya sa ni, me ya sa ban hana shi tafiya ba, da na kai ta likita tun da safe. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Nolen-Hoeksema, ta auna halin wasu ɗalibai makonni biyu kafin girgizar ƙasar da ta auku a Kalifoniya a 1989, sannan ta sake auna su bayanta. Waɗanda dama suke da ɗabi'ar tuƙa tunani su ne damuwarsu ta fi daɗewa. Girgiza ɗaya ce ta same su duka.

A cikin Sahihu Muslim, Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya hana wanda musiba ta sama ya riƙa cewa da ya yi kaza da ba ta faru ba, ya bayyana cewa ta nan Shaiɗan ke samun wurin aiki. Ba kowane "da" ne aka hana ba, Bukhari ma ya ƙulla babi a kan wanda ya halatta. Wanda aka hana shi ne na jayayya da ƙaddara, wanda ba ya gyara komai. Ga ma'aunin da nake ba masu tambaya: idan ka tashi daga tunanin da wani aiki a hannunka, ko istigfari, ko biyan haƙƙi, ko neman gafarar wanda ka ɓata wa, ko darasin da za ka kiyaye gobe, to muhasaba ka yi. Idan ka tashi da ciwon kai kawai, kuma jiya ma nan ka tsaya, to tuƙa ce. Tashi ka yi alwala, ka fita cikin mutane. Ko a tuna zunubi magabata sun yi saɓani: an ruwaito Sahal at-Tustari yana ganin tuba ita ce kada ka manta zunubinka, Junaid kuwa yana ganin ita ce ka manta shi. Malamai sun daidaita su da cewa kowanne da wanda yake yi wa magana. Mai sakaci tunawa ce maganinsa, wanda nadama ke neman kai shi ga yanke ƙauna kuwa a ɗauke idonsa daga zunubin a mayar kan rahamar Ubangiji.

Annabi Yusuf (A.S.) ya nuna mana zaɓi a aikace. Ranar da iyayensa da ƴan'uwansa suka taru gabansa, ya ambaci fitarsa daga kurkuku, bai ambaci rijiya ba. Masu tafsiri sun ce don kada ya kunyata waɗanda ya riga ya yafe wa. Ai bai manta rijiyar ba.

Bege fa? Shi ma wasu suna ɗaukarsa rauni. Annabi (S.A.W.) ya riƙa yanka akuya yana aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ƴar'uwarta Hala ta yi sallama, ya ji irin sallamar Khadija, zuciyarsa ta motsa. Bayan Badar, ƴarsa Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da sarƙar da Khadija ta ba ta ranar aurenta. Da ya gan ta tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su mayar mata da sarƙarta, suka yarda. Kusan shekara biyar ke nan da rasuwar Khadija. Murya, sarƙa, ƙamshin turaren wani, ƙamshin ƙasa a ruwan farko, duk suna buɗe ƙofar ba tare da sallama ba, domin hanyar ƙamshi a ƙwaƙwalwa tana maƙwabtaka da wurin ajiyar abubuwan da suka faru da wurin tsoro da shauƙi.

A 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya rubuta begen gida a matsayin cuta, kuma an daɗe ana kallonsa haka. Amma binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut suka yi a Jami'ar Southampton ya nuna kaɗaici ne ke yawan tayar da bege, kuma begen kan sa mutum ya ji yana da mutane, rayuwarsa tana da ma'ana. Ƴaƴanmu da ke cirani a Libiya ko Aljeriya ko Legas ko Abijan, idan suka kira suna tambayar wa ya yi limancin tarawihi bana, ko an fara girbi, kada a gajarce musu a tafi kai tsaye zancen aiko kuɗi. Wannan hirar abinci ce a wurinsu.

Sai dai akwai tunanin da ba a ce wa mai shi ya zauna ya tuno. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta. Annabi (S.A.W.) ya karɓi Musuluncinsa, amma kamar yadda Bukhari ya kawo, ya nemi ya riƙa kawar masa da fuskarsa. Yafiya ta tabbata, zafin bai tafi ba. To ina ga baiwar Allah da ta gudo daga yankin Difa tun hare-haren 2015, ko waɗanda suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga? A cikinsu akwai wanda ƙarar babur kaɗai ke sa jikinsa rawa, akwai mai ganin abin a mafarki kullum. Wannan ba ya tuno abin, abin ne ke faɗo masa kamar yanzu yake faruwa. Kada a matsa masa ya ba da labari don mu ji, kada a ce masa ai tunda ya tsira sai godiya, kada kuma a yi saurin cewa aljanu ne.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, wato 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, wanda Farfesa Malik Badri ɗan Sudan ya fassara ɓangarensa na lafiyar rai zuwa Turanci. Balkhi ya raba baƙin ciki biyu: mai sananne dalili kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili a fili, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai, kuma ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Malaminmu ne ya faɗi wannan fiye da shekara dubu da suka wuce. Binciken zamani ya ƙara da cewa wanda ciwon damuwa ya riga ya kama, idan aka ce ya tuna kwanakin daɗi, wani lokaci ƙara masa nauyi ake yi, domin gwada jiya da yau yake yi ya ga nisan. Saboda haka idan ƙunci ya wuce mako biyu kullum, barci ya lalace, abinci ya fita rai, mutum ya bar sana'arsa da jam'i, a haɗa masa addu'a da zuwa gidan likita. Idan ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a ranar za a kai shi.

Ga masu zuwa duba marasa lafiya da tsofaffi, akwai sunnar sahabbai da muka bari. Da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23, yana cikin zafi da fargaba, Ibn Abbas ya zauna yana tuna masa zamansa da Annabi (S.A.W.) da yadda suka rabu yana yarda da shi, da zamansa da Abubakar haka nan. Amru bin As ma a ciwon ajalinsa ya juya fuska bango yana kuka, ɗansa ya riƙa tuna masa bushara da Annabi (S.A.W.) ya yi masa. Mu kuwa mukan zauna gaban mara lafiya muna lissafa waɗanda irin ciwonsa ya kashe. Idan ka je wurin tsoho, tuna masa almajiran da ya ciyar, ko rijiyar da aka haƙa da hannunsa a ciki. Idan kakarka ce, tambaye ta abu takamaimai: wa ya raka ta ranar da aka kai ta ɗaki, a ina ta fara koyon Fatiha, me suka ci a shekarar fari. Idan ta ɗauko labarin da ta ba ka sau goma, bar ta ta kai ƙarshe, sannan ka tambaye ta wani abu a cikinsa da ba ka taɓa tambaya ba.